Muhawara kan ziyarar tsofaffin majami'u da kwalejojin Kambirij

Alhaji Sabi'u: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Kambirij na ƙasar Ingila, domin 'yata za ta kammala karatunta a can, kuma in Allah ya kai mu ni da mahaifiyarta za mu halarci bikin yaye su a ƙarshen watan Yuni. Ta aiko mini da jerin wuraren da take son ta kai mu, sai na lura cewa kusan rabinsu majami'u ne, sauran kuma kwalejoji ne waɗanda kowacce take da nata ɗakin ibadar. Tambayata kashi biyu ce. Waɗanne wurare ne suka cancanci mutum ya ɓata lokacinsa da kuɗinsa a kansu, kuma shin ya dace dattijo Musulmi ya riƙa shiga majami'u don kallo kawai?

Dakta Binta: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya sa karatun ya amfane ta ya amfane mu. Tambaya ta biyu zan bar wa malamai, amma ina so in fara da cewa a Kambirij ba za a iya raba tambayoyin nan biyu ba, saboda kwalejojin daga cikin coci suka fito. An fara jami'ar a 1209, lokacin da wasu malamai da ɗalibai suka gudo daga Oksfod bayan rikici da mutanen gari, kuma kwaleji ta farko, wato Peterhouse, bishof ɗin garin Ely ne ya kafa ta a 1284. Abin da ake kira kwaleji a wancan zamani gida ne da wani sarki ko bishof ko attajiri ya ba wa filaye da gonaki domin a ciyar da malamai da ɗalibai, su kuma su riƙa yi masa addu'a bayan mutuwarsa. Shi ya sa duk tsohuwar kwalejin da Alhaji ya shiga zai tarar da tsari iri ɗaya: babbar ƙofa da masu gadi, tsakar gida mai ciyawa, ɗakin cin abinci, ɗakin karatu, da ɗakin ibada. A yau kwalejojin 31 ne, kowacce da dukiyarta da hukumarta, jami'a kuma ita ke shirya jarrabawa da ba da digiri.

Idan lokaci ya ƙure, ni a ganina ɗakin ibadar kwalejin King's shi ne abin da ba a tsallakewa. Bayan shi sai Alhaji ya hau hasumiyar majami'ar Great St Mary's da ke daura da shi, matakala 123 ne, masu ƙunci, amma daga sama zai ga yadda garin ya kwanta gaba ɗaya, kasuwa a gefe guda, kwalejoji a jere a bakin kogin Cam a ɗaya gefen. Hajiya kuwa, idan gwiwa tana damunta, gara ta jira a ƙasa, domin babu wurin hutawa sosai a tsakanin matakalan.

Malam Habibu: Allah ya saka wa Dakta da alheri. Game da tambaya ta biyu, magana ce da malamai suka daɗe da saɓani a kanta, kuma bai kamata a gabatar da ita kamar an yi ittifaƙi ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga wata majami'a a Sham saboda hotuna da siffofin da ke cikinta, an kuma ruwaito cewa Ibn Abbas yakan yi salla a majami'a matuƙar babu gumaka a ciki. Daga nan wasu malamai suka karhanta shiga, wasu suka halatta idan akwai buƙata, wasu suka rataya hukuncin a kan hotunan. To, tsofaffin majami'un Turawa cike suke da hotunan da suke jingina wa Annabi Isa da mahaifiyarsa, Allah ya ƙara musu aminci, kuma yawon buɗe ido ba larura ba ce. Ni dai da Alhaji zai bi tawa, sai ya tsaya a tsakar gidajen kwalejojin da lambunansu da ɗakunan karatunsu, ya kalli majami'un daga waje. Ba na cewa wanda ya shiga ya yi saɓo, ina cewa barin abin da ake shakka ya fi natsuwa ga zuciya.

Injiniya Murtala: Allah gafarta Malam, ba zan ja da ku a fagen fiƙihu ba, amma zan faɗi abin da mai kallo daga waje zai rasa, don Alhaji ya auna da kansa. Ɗakin ibadar King's daga waje dogon gini ne kawai mai hasumiyoyi huɗu a kusurwoyinsa. Abin mamakin yana ciki, a rufin. Tsawon ginin ya kai mita 88, tsayinsa daga ƙasa zuwa rufi kusan mita 24, faɗinsa kuma mita 12, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Rufin dutse ne zalla, an sassaƙa shi ta yadda kowane reshe yake tasowa daga bango yana buɗewa kamar mahuci har ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, kuma babu rufi irinsa da ya kai shi girma a duniya. Wani magini mai suna John Wastell ne ya jagoranci aikin rufin, tsakanin 1512 da 1515. Nauyin dutsen ba a kan tagogi yake ba, yana sauka ne ta kan manyan matokaran da ke waje, shi ya sa aka iya mayar da kusan dukkan bangon ya zama gilashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura da ƙasa da azara, zai gane cewa matsala ɗaya maginan biyu suke warwarewa, wato yadda za a rufe fili mai faɗi ba tare da rufin ya rufto ba.

Akwai kuma abin da ake gani daga waje, wanda Malam ma zai iya dubawa. Sarki Henry na shida ne ya aza harsashin ginin a 1446, sai yaƙin basasa ya ci sarautarsa a 1461, aiki ya tsaya. Idan aka dubi bangon da kyau za a ga dutsen ƙasa fari ne, wanda aka ɗauko daga Yorkshire, na sama kuma ya fi duhu kaɗan. Inda launin ya sauya, nan ne kuɗin sarki na farko ya ƙare. Sai da Henry na bakwai ya zuba kuɗi a ƙarshen rayuwarsa, ɗansa Henry na takwas kuma ya ƙarasa, kafin aka gama, kusan shekara 70 ke nan kafin a rufe ginin, ban da aikin tagogin da ya biyo baya.

Malam Ishaya: Ina gaishe ku duka. Ni Kirista ne, ɗan ɗarikar Angalika, kuma ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam Habibu, domin damuwar da ya nuna game da hotuna ba baƙuwa ba ce a tarihin waɗannan gine-gine. Kiristocin Ingila da kansu sun yi faɗa a kan wannan batu, faɗa mai tsanani. A 1643, lokacin yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, majalisa ta turo wani mutum mai suna William Dowsing ya zagaya kwalejojin Kambirij yana farfasa siffofi da hotuna, yana kankare rubuce-rubucen da ke roƙon a yi wa matattu addu'a, saboda shi da mutanensa suna ganin duk wannan bautar gumaka ce. Har yau idan ka shiga wasu majami'u za ka ga guraben da babu komai a cikinsu, ko mutum-mutumin da babu kai. Tagogin King's sun tsira, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa suke da daraja, domin yawancinsu na ƙarni na 16 ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu ma sai da aka ciccire su aka ɓoye don tsoron bama-bamai.

Saboda haka majami'un garin ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu cike da ado, akwai waɗanda bangonsu fari ne fes. Wanda yake son ganin tsufa ba tare da yawan hotuna ba, sai ya je St Bene't's, ƙaramar coci ce a wani lungu kusa da kasuwa, hasumiyarta ta girmi jami'ar da kusan shekara 200, domin an gina ta tun kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, kuma ita ce gini mafi tsufa a garin. Ba a biyan ko kwabo, kuma sau da yawa babu kowa a ciki sai mutum ɗaya ko biyu suna addu'a. Abin da zan roƙa kawai shi ne duk wanda ya shiga ya tuna cewa wurin ibada ne mai rai, maza su cire hula idan ta kwalliya ce irin ta 'yan ƙwallo, a kashe ƙarar waya, kada a ɗauki hoton mai addu'a. Hular gargajiya irin tamu da ɗankwalin mata babu wanda zai yi magana a kansu.

Malam Habibu: Na gode Malam Ishaya, wannan bayani ne mai amfani, kuma ya nuna cewa batun hotuna a wurin ibada abu ne da masu addini suka ɗauka da muhimmanci a ko'ina. Sai dai bai canza ra'ayina game da King's ba, tunda ku da kanku kun ce tagoginsa sun tsira, kuma na san akwai wani babban zane na haihuwar Annabi Isa a can ƙuryar ɗakin.

Malam Ishaya: Haka ne Malam, aikin mai zane Rubens ne, an kafa shi a wurin a 1968, kuma ko a cikin Turawan akwai waɗanda har yanzu suke ganin bai dace da ginin ba, domin sai da aka sauke daɓen wurin kafin ya zauna a ƙarƙashin tagar gabas.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya fi damuna ba hukuncin shiga ba ne, kuɗin shiga ne da kuma yadda ake ba da labarin. Manyan kwalejojin nan da ke bakin kogi, irin su King's da St John's da Queens', suna karɓar kuɗi daga baƙi, kuma idan iyali ne mai mutum biyar ko shida, kafin a zagaya uku an kashe abin da zai yi cefanen mako. Alhali waɗannan kwalejoji suna cikin masu arziki a ƙasar, Trinity ma ita ce ta fi kowacce dukiya. Sannan mai yi wa baƙi jagora zai yi ta ba ka labarin sarakuna da masu kyauta, ba zai gaya maka inda wani ɓangare na dukiyar ya fito ba. Misali, a kwalejin Jesus akwai wani zakara na tagulla da sojojin Birtaniya suka kwaso daga fadar Benin a 1897, ya daɗe a ɗakin cin abincinsu kamar kayan ado, sai da ɗalibai suka matsa kafin aka sauke shi, aka mayar wa Nijeriya a 2021. A ɗakin ibadar wannan kwaleji kuma akwai allon tunawa da wani Tobias Rustat, wanda ya ba su kuɗi mai yawa amma yana da hannun jari a kamfanin cinikin bayi. Kwalejin ta nemi a cire allon, kotun coci ta hana a 2022, yana nan har yanzu. Idan Alhaji zai shiga ko'ina, ni ina ganin wannan ya fi King's cancanta, domin labarinsa ya shafe mu.

Dakta Binta: Hajiya ta taɓo gaskiya, kuma kwalejin Jesus tana da wani abin dubawa bayan wannan, domin ɗakin ibadarta ya girmi kwalejin da kanta: gidan mata 'yan zuhudu ne tun ƙarni na 12, bishof ɗin Ely ya rufe shi ya mayar da shi kwaleji a 1496. Game da kuɗi kuwa, akwai sauƙi ga Alhaji. Ɗalibin jami'ar yana da katin shaida da ke ba shi damar shiga yawancin kwalejoji tare da baƙo ɗaya ko biyu ba tare da biya ba, don haka 'yarsa ta riƙe katinta a hannu, ta kuma gaishe da masu gadi da ladabi, domin a ƙofar kwaleji maganarsu ce ake bi. Akwai kuma kwalejoji masu kyau da ba su saba karɓar kuɗi ba. Pembroke tana cikinsu, kuma ɗakin ibadarta, wanda aka gama a 1665, shi ne ginin farko da Christopher Wren ya tsara, mutumin da daga baya ya gina babbar majami'ar St Paul's ta Landan. Emmanuel ma tana cikinsu, can ne John Harvard, wanda aka sa wa jami'ar Harvard sunansa, ya yi karatu kafin ya ƙaura Amurka, kuma wanda ya kafa kwalejin a 1584 ya mayar da tsohuwar cocin 'yan zuhudun da ya tarar a wurin ta zama ɗakin cin abinci, abin da ke nuna irin zafin sauyin addinin da aka yi a lokacin.

Abu biyu ne ke jawo wa baƙi jin kunya. Na farko taka ciyawar tsakar gida, wadda a tsofaffin kwalejoji manyan malaman kwalejin ne kaɗai ke da izinin takawa, kuma mai gadi ba zai ji nauyin furfura ba wajen yin magana. Na biyu hawa matakalar da ke kaiwa ɗakunan ɗalibai, domin gidajen kwana ne na mutane. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Yuni ma yawancin kwalejoji a rufe suke ga baƙi saboda jarrabawa, amma zuwa lokacin da Alhaji zai iso an gama.

Alhaji Sabi'u: Allah ya saka muku da alheri, ina biye da ku. Wani abu ya taso mini daga bayanin Dakta. Idan jami'ar daga coci ta fito, shi kansa bikin yaye ɗaliban fa, a coci ake yin sa? Domin wannan shi ne wanda ba zan iya kallo daga waje ba.

Dakta Binta: A'a Alhaji, a wani zaure ake yi mai suna Senate House, wanda aka gama a 1730, yana tsakanin King's da kwalejin Gonville and Caius, daura da Great St Mary's, kuma ba wurin ibada ba ne, kodayake kafin a gina shi a cikin Great St Mary's jami'a take yin tarukanta. Amma ragowar tsohon tsarin yana nan. Da harshen Latin ake yin bikin. Wakilin kwaleji yana gabatar da ɗalibai hurhuɗu, kowanne ya riƙe yatsarsa ɗaya, sannan a kira su ɗaya bayan ɗaya, ɗalibi ya durƙusa a gaban shugaban taron, shi kuma ya riƙe hannuwansa ya furta cewa ya ba shi digiri, kuma a asalin lafazin ana rufewa da ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ɗalibi yana da damar ya nemi a cire wannan ambaton, yana kuma da damar ya nemi kada ya durƙusa saboda dalilin addini, amma tun kafin ranar ake sanar da kwaleji. Ya kamata Alhaji ya tambaye ta ko ta cike wannan a takardarta.

Malam Habibu: Wannan ita ce magana mafi muhimmanci da aka yi tun da aka fara, kuma ta fi batun kallon gini nauyi nesa ba kusa ba. Alhaji, a kira ta yau, kada a bari sai gobe.

Malama Zainab: Ina so in koma kan tambayar shiga, da izinin Malam Habibu, domin ina ganin akwai wata fuska da ba a duba ba. Ni malamar tarihi ce, kuma abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne ba za ka fahimci mutanen da suka mulke ka ba sai ka ga inda aka tarbiyyantar da su. Da yawa daga cikin jami'an mulkin mallaka da aka turo Arewa daga Oksfod da Kambirij aka ɗebo su, kuma a irin waɗannan ɗakunan ibada da ɗakunan cin abinci aka gina musu tunanin da suka zo da shi. A Kambirij ɗin nan aka naɗa Charles Henry Robinson malamin koyar da Hausa a 1896, bayan ya je Kano, kuma shi malamin coci ne, maɗaba'ar jami'ar ce ta buga ƙamus ɗinsa na Hausa. Tun 1632 jami'ar take da kujerar farfesan Larabci, kuma cikin dalilan da aka bayar na kafa ta har da yaɗa addinin Kirista a gabas da kuma sauƙaƙa kasuwanci. Har zuwa 1871 sai wanda ya amince da aƙidar cocin Ingila ne yake iya riƙe yawancin muƙaman jami'ar, mata kuwa ba a ba su cikakken digiri ba sai 1948. Wato da 'yar Alhaji ta zo shekara 80 da suka wuce, da ta yi karatun ta ci jarrabawar amma ba za ta shiga Senate House ba. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa zai ga kyawun gini, amma wanda ya shiga ya karanta allunan da ke bango, sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙe da waɗanda suka yi aiki a Indiya da Afirka, shi ne zai ga yadda ilimi da addini da mulki suka kasance a dunƙule a wurin mutanen nan.

Akwai wata ƙaramar majami'a da nake so a kai Alhaji ko da daga waje ne, ita ce wadda ake kira Round Church, a kan hanyar zuwa gadar Magdalene. An gina ta wajen 1130, zagayayya ce, an kwaikwayi majami'ar Kabari Mai Tsarki ta birnin Ƙudus, a zamanin da Turawa suke riƙe da birnin bayan yaƙin Salibiyya na farko. Ita wannan majami'a ta Ƙudus ita ce wadda tarihi ya ce an yi wa Sayyidina Umar tayin ya yi salla a ciki ya ƙi, don kada Musulmi su mayar da ita masallaci a bayansa. Kuma har yau wani gidan Musulmi ne ke riƙe da mabuɗinta.

Malam Habibu: Malama ta kawo hujja mai ƙarfi, kuma na yarda cewa mai neman ilimin tarihi yana da buƙatar da ɗan yawon buɗe ido ba shi da ita. Amma ina so a bambanta shiga lokacin da babu ibada da zama a cikin ibadar. Na ji ana ba baƙi shawara su halarci addu'ar yamma ta King's domin a lokacin ba a biyan kuɗi, kuma za a ji mawaƙa. Wannan kam ba na ganin Musulmi yana da uzuri a kansa, kuma bai kamata a yi wa masu ibada dabara don gudun biyan kuɗi ba.

Malam Ishaya: A wannan gaɓar ni da Malam bakinmu ɗaya, ko da dalilanmu sun bambanta. Ƙofa a buɗe take ga kowa a addu'ar yamma, da ƙarfe 5:30 ake farawa a ranakun mako lokacin zangon karatu, ba a tambayar addinin kowa, kuma ba a tilasta wa kowa ya furta komai. Ƙungiyar mawaƙan ta samo asali ne daga tsarin da Henry na shida ya bari, yara maza 16 da manya, kuma su ne BBC take watsa waƙoƙinsu na jajibirin Kirsimeti tun 1928. Amma sujada ce, ba wasan kwaikwayo ba. Wanda ya zo don ya ga rufi kyauta zai zauna kusan awa guda yana ƙosawa, ba zai iya yawo ko ɗaukar hoto ba, kuma zai takura wa na kusa da shi. Gara ya sayi tikiti da rana ya kalli abin da ya zo kallo a natse.

Hajiya Rabi: To ai kun dawo kan maganata ta kuɗi. Ni dai har yanzu ban ga dalilin da zai sa kwalejin da take da filaye tun zamanin sarakunan da suka shuɗe ta riƙa karɓar kuɗi a bakin ɗakin ibada ba.

Injiniya Murtala: Hajiya, gyaran rufin dalma da dutse mai shekara 500 ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, kuma baƙin da ke shiga a lokacin zafi suna da yawan da idan ba a sa kuɗi da tikiti ba, ɗalibai ba za su sami hanyar wucewa ba. Amma ina da gargaɗi ga Alhaji game da wani kuɗin da ya fi wannan saurin zubewa, wato na kwalekwale. Hawa kogin Cam ta bayan kwalejoji abu ne mai daɗi, ana wucewa ta ƙarƙashin gadar St John's ta 1831 da bayan ɗakin karatun Trinity wanda Wren ya tsara, kuma shi ne hanyar ganin kwalejoji da yawa ba tare da an shiga ko ɗaya ba, abin da zai yi wa Malam Habibu daɗi. Sai dai a sayi tikiti a tashar kwalekwalen, a guji masu tare mutane a titi, kuma kada a ɗauki duk abin da matuƙin ya faɗa a matsayin tarihi. Za su ce masanin kimiyyar nan Isaac Newton ne ya gina gadar katako ta Queens' ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, wai ɗalibai suka kwance ta suka kasa mayarwa. Newton ya mutu a 1727, gadar kuwa a 1749 aka fara gina ta, William Etheridge ne ya tsara, kuma tun farko da ƙarfe aka ɗaure ta. Bishiyar tuffa da ke gaban Trinity ma ba ita ce ta labarin da ake cewa Newton ya ga tuffa ta faɗo ba, reshe ne da aka samo daga ta gidansu Newton a Woolsthorpe.

Dakta Binta: Tunda an yi ta maganar rufin King's, ya kamata a ambaci babban masallacin Kambirij da ke titin Mill Road, wanda aka buɗe a 2019, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa daga tsakiyar gari, kuma bai yi nisa da tashar jirgin ƙasa ba. Ginshiƙansa na katako ne, suna tasowa kamar bishiyoyi suna sarƙewa a sama, kuma waɗanda suka tsara shi sun bayyana cewa rufin King's yana cikin abubuwan da suka duba. Yana ɗaukar masallata 1,000, akwai lambu a gabansa, kuma wurin mata yana cikin babban zauren, an raba da shinge na katako. Ranar Juma'a yana cika da wuri. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka tsakanin La'asar da Magariba akwai lokaci mai tsawo, amma kwalejoji suna rufe ƙofa ga baƙi tun wajen ƙarfe 4 ko 5, saboda haka a yi su da safe, a bar kogi da masallaci zuwa yamma.

Injiniya Murtala: Idan an sami yini guda na ƙari, jirgin ƙasa yana kaiwa Ely cikin kusan minti 20. Babbar majami'ar can ta fi duk wata da ke Kambirij girma, kuma tun daga nesa ake hango ta saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, da can ma fadama ce. Hasumiyarta ta tsakiya ta rushe a 1322, sai maginan suka ƙi mayar da irinta, suka buɗe wurin ya zama mai kusurwa takwas, suka ɗora masa wata ƙaramar hasumiya mai tagogi ta katakon oak da aka lulluɓe da dalma, tana rataye a sama ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba. Ana ganin ta sarai daga filin da ke waje, amma yadda aka ɗaura katakon sai an shiga an hau tare da mai jagora, kuma matakalarta ta fi ta Great St Mary's wuya.